Wuya Sha Bakwai, Ƙugu Arba'in da Biyu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro kalkuletar nan ta intanet albarka, shi da iyayensa. Ba ta sa ka bin layi, ba ta cewa ka cire riga ka kwanta, ba ta kallonka ta saman tabarau tana girgiza kai. Gurbi biyar ne kawai a fuskar waya: shekaru, tsawo, nauyi, wuya, ƙugu. Ka cike ka danna, kafin ka ƙifta ido ta faɗa maka yawan kitsen da ke jikinka da yawan abincin da ya kamata ka ci. Likita bakwai ba su kai ta saurin amsa ba.

'Yarmu ce ta nuna mini ita kafin ta koma makaranta. Ta ce, "Umma, ke da tef ba ya barin wuyanki, ai wannan aikinki ne." Gaskiyarta. Shekara ashirin da shida ina auna mutane a kasuwa. Mace ta shigo shago ta rantse ƙugunta talatin da huɗu ne, in zagaya mata tef ya ce arba'in, in rubuta arba'in, in yi mata murmushin talatin da huɗu. Mutane sun sha yi mini ƙarya. Tef bai taɓa ba.

Yau na auna Injiniya kafin ya fita. Mijina ke nan. Firji yake gyarawa, ni na ɗora masa muƙamin, bai kuma taɓa musu ba. Ya tsaya a tsakiyar falo da singileti, hannu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

Na ce, "Kar ka haɗiye cikin nan."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, da yana haɗiyuwa ai da tuni na huta da bakinki."

Wuya 17. Ƙugu 42. Tsawo inci 68. Nauyi kilo 92. Shekara 56. Kalkuleta ta ce kitse kashi 29 cikin ɗari. In zai zauna yadda yake, kalori 2,400 a rana. In zai rage, 1,900. Kalori wai shi ne ma'aunin ƙarfin abinci, kamar yadda inci yake a yadi.

To ga amsa ta fito. Nauyin cikin da yake kuka da shi, da kumburin bayan cin abinci, da gajiyar nan, duk kitse ne. Ba sai an je ko'ina ba. Takardar da likitan can ya ba shi makonni uku da suka wuce, wai a je a ɗauki hoton ciki, na sa ta a durowar keken ɗinki, ƙarƙashin alli. Ba ɓoyewa na yi ba. Adanawa na yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shinkafa ludayi biyu, ba tozo. Mai cokali ɗaya. Nama yanka biyu, na cire masa kitse da almakashin kicin. Shayi ba sukari. Na zuba na rana a kula na miƙa masa, ya ɗaga ta yana jijjigawa kusa da kunne.

"Akwai mutum a ciki kuwa?"

Mai Zare, maƙwabciyata a kasuwa, ta ga ina danne-dannen waya ta leƙo. Na ce ta kawo wuyanta in faɗa mata gaskiyarta. Ta ce, "Ni kitsena da gumina na tara shi, ba wata waya da za ta yi mini gori. Ke dai ki yi a hankali, namiji in ya ji yunwa a gida, yana da ƙafa."

Na ce ƙafar da ke kai shi shago da ƙyar ce za ta kai shi wani wuri?

Na faɗa ne don a yi dariya. An kuwa yi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Wuya 16 da rabi. Ƙugu 43. Kilo 92. Kitse kashi 31.

Sau uku na maimaita. Na canza tef, na ɗauko sabon da ban taɓa warwarewa ba. Haka dai. Sati guda na ƙuntata wa mutum, kitse ya ƙaru da biyu. Yadda abin yake, kalkuleta tana cire wuya daga ƙugu ne, in ratar ta yi faɗi ta ce ka yi ƙiba. Lissafi ne, ba son rai a ciki.

Akwai mai ciyar da shi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yayarsa ta zo. Yaya ba ta zama sai ta gama duba gida kamar mai shirin saye. Ta tarar da shi a kujera, ta tsaya a kansa.

"Amarya, me kika yi wa yaron nan?"

Shekarata ashirin da tara a gidan nan ina amarya, shi kuma yaro mai furfura.

Na ce, "Gyara shi nake yi, Yaya. Kitse ne ya yi masa yawa, ga shi a waya."

"Waya ce ta goya shi ko ni? Dubi kafaɗarsa. Dubi idonsa."

Na ce labulen ne. Labulen falo ruwan ɗorawa ne, in rana ta bugo shi kowa haka idonsa yake komawa. Injiniya ya ce ai haka ne, ita ma Yaya ga nata nan kamar gwaiduwar ƙwai. Ta ja tsaki ta ce mu biyun Allah ya haɗa, ba wanda ya cuci wani.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Na canza labule. Fari na sa.

Juma'a, da yamma

Na mayar da na da.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya tashi da fara'a yau, har da waƙe-waƙe a banɗaki. Ya biyo ni kicin ya jingina da ƙofa.

"Tela, ki yi mini alfarma ɗaya. Ƙwai uku, a soya da mai sosai, da albasa. Da burodi mai kauri, a shafa bota har ta zubo."

Na danna waya a gabansa. Kalori ɗari bakwai da wani abu, tun kafin rana ta ɗaga. Na ce ko a mafarki.

Ya ce, "Yau ne fa kawai bakina ya so wani abu."

Na ce gobe ranar awo ce, kar ya kunyata ni. Na dafa masa ƙwai ɗaya a ruwa, na yanka masa biyu don ya ga kamar da yawa. Dabarar kasuwa ce, in kaya sun yi kaɗan sai ka baza su.

Ya ci rabi. Na ɗauka fushi ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Wuya 16. Ƙugu 44. Kilo 93. Kitse kashi 33. Lambar ta koma ja.

Na rufe ƙofar falo na ce yau sai ya faɗa mini wa ke ba shi abinci. Na ce ni ba yarinya ba ce, na san mai saye da mai taya kaya don ɓata lokaci, ba zai ninke ni ba. Ya daɗe yana kallon tef ɗin a hannuna. Can ya ce, "To, kin kama ni. Akwai mai gasa nama a bakin layinmu. Ina ɗan taɓawa."

"Kullum?"

"Kullum."

Na yi masa tatas. Na rage shi zuwa 1,600.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ban taɓa jin daɗin an ci amanata irin na jiya ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kawo wandunansa uku shago don in saki ƙugu. Ni duk kayan da na ɗinka ina barin inci biyu a ciki, a naɗe, inda ido ba ya gani. Mutum yana ƙiba, kuma ba ya son a ce ya yi. Sai ya dawo a asirce in farke in sakar masa, mu rabu ba wanda ya ji kunya. Yau na cinye inci biyun nan duka a wandunan Injiniya.

Rigunan kuma akasin haka. Na matsar da maɓallin kwala ciki. Hannun riga yana lilo kamar an rataya a ƙusa. Jiya na gan shi yana huda sabon rami a maɗaurin agogo da abin aikinsa.

Mai Zare ta ɗaga rigar ta ɗaga wandon ta ce, "Wannan na mutum biyu ne ko na ɗaya?"

Na ce ta je ga mai saye can yana jiranta. Babu kowa a shagonta.

Na auna masu ƙiba sun fi dubu. Mai ƙiba daga wuya yake fara cika, sai ƙeya ta yi ninki, sai damtse, sai baya. Ban taɓa ganin kitsen da ya kwashe kayansa daga ko'ina ya tare a wuri ɗaya ba. Amma ni tela ce. Kalkuleta kuwa masu ilimi ne suka ƙera ta.

Babana ma hoto aka ce a ɗauka. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, ba da ita ya fito ba.

Ina neman alli, sai na ari na Mai Zare, ban buɗe durowa ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wuya 15 da rabi. Ƙugu 45 da rabi. Kilo 94. Kitse kashi 35 da ɗoriya.

Na gwada wata kalkuletar, na gwada ta uku. Bakinsu ɗaya kamar masu sayar da kaya a layi guda. Ya fita da silifa, takalmin ya ƙi shiga. Ya ce fatar ce ta ƙanƙance.

'Yar tamu ta kira, ta ce yaya Abba da kalori? Na ce yana nan yana satar nama. Ta yi ta dariya. Ta ce a ba shi wayar, na ce ya fita. Yana zaune a bakin gado yana hutawa daga sa wando.

Na rage shi zuwa 1,400.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na rufe shago ƙarfe goma sha ɗaya na tafi in kama shi da hannu a cikin takardar nama. Har na shirya abin da zan faɗa.

Mai gasa naman na fara samu. Na kwatanta masa Injiniya. Ya ce, "Mai firji? Ai wata biyu ke nan ko warin wurin nan ba ya so. Ta can tsallaken titi yake bi."

Na ce ƙila wani mai naman ne. Ya ce shi kaɗai ne a layin.

Kafin in kai shagon Injiniya, mai walda na kusa da shi ya ture tabaransa sama ya taso da fara'a, yana goge hannu a wando.

"Matar Oga! Yau ke ce da kanki? Wallahi mun gode, mun gode da ɗawainiya. Sati uku ke nan ban sayi abincin rana ba. Sai dai in ba za ki ji haushi ba, a ɗan ƙara mai. Hannunki da daɗi, amma shinkafar tana tsaya mini a nan."

Ya nuna maƙogwaronsa.

Na ce za a ƙara.

Na shiga. Firji goma sha wani abu a jere, wasu a buɗe, wasu an cire musu baya. Can ƙarshe, a bayan wata babbar firiza, yana kwance a benci ta gefe ɗaya, cikin ya zubo gabansa kamar ba nasa ba. Kulata tana ƙasa, an wanke ta tas. Ya buɗe ido ya gan ni, ya yi ƙoƙarin tashi, ya fasa.

"Ranki ya daɗe. Sumame aka kawo?"

Na ce, "Me kake ci?"

"Ina shan shayi."

"Na ce me kake ci."

"Cokali uku, Tela. In na kai huɗu sai in ji kamar na cinye sa da ƙahonsa."

Na ce to me ya sa ya ce mini nama yake saya. Ya ɗan yi murmushin nan nasa na gefen baki.

"Na ga kin fi son haka."

Na zauna a kan wata ƙaramar firji. Injin wata tsohuwar firji da ya gyara yana ta gurnani a kusurwa, ya tsaya, ya kama, ya tsaya.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na buɗe durowar keke. Alli kawai na ɗauka.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ƙwai uku, mai sosai, albasa. Burodi mai kauri, bota har tana zuba a faranti. Na kai masa har gado.

Ya kalla, ya ce an gode. Ya gutsuri gefen burodin inda botar ba ta kai ba. Daga nan ya ce in ɗan fita da shi, warin man yana tayar masa da zuciya.

Na tsaya a kicin na cinye duka a tsaye. Kalori ɗari bakwai da wani abu. Ban ji ɗanɗanon komai ba.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Wuya 15. Ƙugu 46. Kitse kashi 37.

A zaune na auna shi. Ban san me ya sa na auna ba. Litinin ce.

Da lambar ta fito sai yatsana ya ci gaba da jan shafin sama, ya wuce tallan maganin rage tumbi, ya wuce hoton wani ƙato mai damtse, har can ƙasa inda ban taɓa zuwa ba. Akwai rubutu ƙanana, masu launin toka. Wai wannan ƙiyasi ne kawai, wai an yi shi ne don masu lafiya, wai duk wanda ya ga sauyi a jikinsa ya ga likita. Ni da nake juya yadi in karanta rubutun bakinsa kafin in saya. Ni da ba a taɓa sayar mini da jabu ba.

Ya ce, "Tela, ɗauko takardar nan."

Na ce wace takarda?

"Ta ƙarƙashin alli. Ni na gyara miki hannun durowar, kin manta? Tun ranar na gan ta."

"Ka gan ta ka yi shiru?"

"Ke ma ai kin yi."

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Mun je.

Nas ta zagaya masa tef a ciki, ta riƙe shi a karkace. Na ce 'yata, ɗaga shi ta baya, ya zame. Ta gyara ta ce, "Arba'in da shida." Ko a nan ban yi kuskure ba.

Likitar yarinya ce, ba ta fi 'yar tamu da shekara biyar ba. Ta karɓi takardar, alli ya ɓata mata yatsu. Ta dubi kwanan watan da ke sama, ta dube ni, ta sake duban kwanan watan. Ta sa tafin hannu a gefen cikinsa ta ɗan buga ɗaya gefen. Daga inda nake zaune na ga abin ya motsa.

"Mama, wannan ba kitse ba ne. Ruwa ne."

Na ciro waya na nuna mata, duk Litinin ɗin nan biyar, a jere. Ta karanta har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

An ɗauki hoton, an ɗebi jini, an ba shi gado. Bayan la'asar ta ce in zo baranda. Ta faɗi wata kalma. Na iya rubutu, amma ba a littafin nan ba. Na ce da mun zo tun ranar da aka rubuta takardar fa? Ta maida biro aljihu, ta ciro, ta sake mayarwa.

Ta ce, "Yanzu dai kun zo."

Na san irin wannan amsar. Ita nake ba mai kaya in ta tambaya ko yadin da ta ƙona da dutsen guga zai gyaru.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun sa masa allura da siririyar roba a gefen ciki. Lita biyar suka zuƙe, ina ƙirga ledojin. Yaya tana zaune a ɗaya gefen gadon tun safe. Ba ta ce mini amarya ba. Da zan fita ɗebo ruwa ta matsar da ƙafarta in wuce.

Da ta tafi sai ya ce, "Ina tef? Yau ina jin zan ci jarrabawa."

Na ce ya bari. Ya ce shi dai a auna shi, haƙƙinsa ne.

Wuya 15. Ƙugu 41. Kilo 89. Kitse kashi 30. Lambar ta bar ja. Har da rubutu a ƙasa, tana taya shi murna, wai ya ci gaba da abin da yake yi, yana kan hanya.

Na karanta masa. Ya yi dariya har sai da ya riƙe wurin allurar, nas ta leƙo ta ce a bar shi ya huta. Ni ce na fita.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

'Yar tamu ta iso. Ta gan shi, ta fito baranda ta ce ita ce, ita ta nuna mini abin nan. Na ce ta rufe mini baki. Ita waya ta ba ni. Lambobin ni na zuba, durowar kuma tawa ce.

Likita ta ce a ba shi duk abin da ransa yake so, ko mene ne, ko nawa ne. Na tambaye shi. Ya yi tunani sosai, don ya faranta mini. Ya ce ruwa mai sanyi.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban auna ba.

Sun ce ranar Alhamis za mu iya komawa gida. Ba su ce don ya warke ba ne, ni ma ban tambaya ba. Ruwan zai dawo, in ya dawo mu zo a sake zuƙewa.

Ba shi da rigar da zai sa ya fito. Duk wadda na ɗaga, mutum biyu za su shiga. Jiya ya ce kar in bari ya ratsa layinmu kamar wanda ya ari kayan wansa, shi Injiniya ne. Na sayi yadi mai laushi, shuɗi, irin wanda yake so. Ga shi a shimfiɗe a tebur tun ƙarfe takwas. Na zana kwala a kan sha biyar, na zana kafaɗa, na zo gefen da nake barin inci biyun nan na ƙiba, sai allin ya tsaya.

Mai Zare ta shigo ta ajiye mini zare shuɗi, ba ta yi zolaya ba. Ta ce, "Ki yanka mana, rana tana yi."

Na ciro waya. Gurbi biyar ne har yanzu: shekaru, tsawo, nauyi, wuya, ƙugu. Na ja shafin har ƙasa, na dawo sama. Babu inda ake tambayar wannan.

Ku da kuka iya lissafi, inci nawa ake bar wa mutum irin wannan a cikin ɗinki?